Tabarmar Baba Mijinyawa

Litinin, 19 ga Satumba, 1966, da hantsi

Ruwa ake yi tun asuba. Ba wanda zai kawo ɗinki cikin wannan tsiyaya, sai na rufe keke na ce bari in gwada abin da malaminmu na yaƙi da jahilci ya ce a riƙa yi don kada hannu ya sangarce. Sa'a matata ta leƙo shago ta ce, “Malam, yau kuma takarda kake yi wa kalmasa?” Na ce ta je ta ji da tukunyarta.

Abin da zan fara rubutawa shi ne abin da Kallamu ya yi jiya a ciyayya, don kada ya musa wata rana. Mu a nan layinmu na Borokiri, cikin Fatakwal, in an sallame magariba kowane magidanci yakan ɗauko kwanonsa ya kawo ƙofar Baba Mijinyawa, a haɗa a ci tare. Baba ba shi da tukunya tun rasuwar matarsa Delu, amma tabarmar tasa ce, bismillar ma tasa ce, ba mai miƙa hannu sai ya yi ta. Kuma yana da doka guda da ba a wasa da ita: ba a naɗe tabarma sai kowa ya ci, ko ya aiko da uzurinsa. Wata rana Idrisu lebura ya makara a tashar jirgin ruwa, tabarmar ta kwana a shimfiɗe har raɓa ta jiƙa ta.

To jiya Nwosu kafinta, maƙwabcinmu, ya kawo miyar kifi da isam, waɗannan ƙananan dodon-koɗin da ake tsotsewa. Shi kullum abin ruwa yake kawowa, wai don kada a tambaye shi wa ya yanka. Kallamu kuwa Babarbare ne, sana'arsa sayar da banda, kullum cikin cika bakin ba abin ruwan da bai sani ba. Ya ɗauki ɗaya ya tsotsa da ƙarfin tsiya, abin ya yi fito kamar usur ya wuce maƙogwaro da ƙwansonsa. Ido ya firfito. Nwosu yana dukan bayansa yana cewa, “Chineke! Kallamu, tsotsa na ce, ban ce ka haɗiye gidan ba!” Baba ya yi dariya har hularsa ta faɗa cikin miyar kuka, aka tsamo ta, ya ce a bar ta haka, ta sha albarka.

Idrisu ya so ya kawo zancen rikicin Arewa da ake yi a kasuwa. Baba ya ce masa zancen rediyo a bar shi a rediyo.

Laraba, 21 ga Satumba, bayan azahar

Na gama wandon wani ɗan kamasho, na yi masa ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Laifin Baba ne, shi ya zo ya zauna mini a shago ya kwance jakar labari.

Ya ce sanda ya zo Fatakwal da huhun goro a ka, Borokiri duk laka ce da sauro, ana ɗaure kwalekwale a inda nake taka keke yanzu. Ya ce a lokacin in jirgin ƙasa ya taho da buhun kuka da daddawa, sai a yi ta shela gida-gida kamar an ga watan Salla, mata su fito da ƙwarya, a raba da ludayi. Ranar da aka fara ba shi teba kuwa, ya ɗauka tuwo ne bai nuna ba, ya mayar wa mai abinci ya ce ta ƙara masa wuta.

Na tambaye shi yadda Nwosu ya shigo tabarma, ko da yake na ji labarin ya fi a ƙirga. Ya ce yana ɗan koyon kafinta ne aka turo shi ya kafa masa rumfa. Magariba ta yi, yaro yana saman rumfa da guduma, cikinsa yana ƙugi har ƙasa ana ji. Baba ya ɗaga kai ya ce, “Kai mai guduma, tuwo na hucewa.” Yaron ba ya jin Hausa a lokacin, amma ya sauko. Yau ga shi da furfura, Hausarsa duk ta bakin tabarma ce, shi ya sa ya fi sanin sunan miya fiye da gaisuwa.

Ni ma na tuna nawa. Kowace Kirsimeti Nwosu yakan jawo akuyarsa har ƙofar Baba ya ce a yanka masa, don kowa ya iya ci. Da Babbar Salla kuma cinyar ragon Baba ta dama gidan Nwosu take zuwa, ko liman bai isa ya gan ta ba. Ɗansa Obinna tare da yaranmu ya yi tashe, shi ne ma yake shiga kayan ɗan biri, ana ruwa suna bin gidaje da ganyen ayaba a ka. Yanzu yana Bukur yana aikin akawu a wurin masu haƙar kuza. Wallahi na ji daɗin yinin nan. Wandon kuwa zan ce wa mai shi yayi ne.

Juma'a, 23 ga Satumba, bayan masallaci

Gidan Alhaji Indabawa sun tafi ganin gida, har da gado da turmi.

Lahadi, 25 ga Satumba, da la'asar

Sa'a ta ɗaure kayan ɗakinta cikin zannuwa ta tura ƙarƙashin gado, tana zaton ban gani ba. Da na yi magana ta ce, “Malam, kowa fa yana tafiya.” Na ce kowa ban da mu, sai ranar da Baba ya ɗaga ƙafa.

Ba taurin kai ba ne. Ranar da na sauka a garin nan almakashi kaɗai gare ni da rigar wuyana. Baba ne ya gan ni a ƙofar masallaci ya ce in zo in zauna, shi ya tsaya mini aka ba ni keken haya, shi ya karɓar mini auren ita Sa'ar da ke harara ta yanzu. Ba shi da ɗa, ba shi da jika. In na hau jirgi na bar shi a nan, da wane baki zan ci tuwo a Kano?

Na je na lallaɓa shi. Na ce, “Baba, ba ka marmarin ganin Dala?” Ya ce, “Gwadabe, Dala ta taɓa aiko da cewa tana marmarin ganina?” Na ce mutane suna raguwa. Ya ce tuwo zai ƙara isa ke nan.

Da dare Sa'a ta yi tuwon shinkafa da miyar taushe, ta zuba man shanun da take ɓoyewa tun azumi. In tana fushi da ni abincinta ya fi daɗi, ban san dalili ba.

Alhamis, 29 ga Satumba, da safe

Jiya tabarma ta cika kamar da. Nwosu ya zo da doya da manja da fara'a har kunne: Obinna zai zo Kirsimeti, kuma ba shi kaɗai ba, akwai wata malamar asibiti. Nan take Kallamu ya naɗa kansa babban abokin ango, Baba ya ce shi ne uban ango, Nwosu dai ɗan rakiya ne. Nwosu ya ce ya yarda, in dai uban ango ne zai sayi akuya.

Ya kawo mini yadi, shuɗi mai haske, in ɗinka wa Obinna kaftani irin namu, wai ya zama Bahaushe yanzu ba ya sa komai sai shi. Ban buƙaci awo ba. Tun yana yawo ba wando nake yi masa ɗinki.

Mun daɗe a zaune bayan an naɗe tabarma. Baba ya rera mana waƙar da masu tura kwalekwale suke yi a da, ba wanda ya gane ko kalma ɗaya, har shi.

Lahadi, 2 ga Oktoba, da hantsi

Jirgi ya iso daga Arewa jiya, cike da Inyamuran da suka tsero. Ni ban je ba. Kallamu ya je ɗaukar kwandon bandarsa, ya dawo ba kwando, ya zauna a shagona har la'asar bai ce komai ba. Kallamun da ko barci yake yi bakinsa yana motsi.

Ba zan rubuta abin da ya faɗa mini daga baya ba.

Ban buɗe ƙofar shago duka ba yau.

Litinin, 3 ga Oktoba, da safe

Nwosu bai zo ba. Bai aiko ba.

Talata, 4 ga Oktoba, bayan azahar

Idrisu ya tafi unguwar Diobu tun shekaranjiya karɓo kayansa, har yanzu shiru. Matarsa tana ɗakinmu. Sa'a ta ba ta aikin tsince shinkafa, in ta gama ta sake haɗa mata da tsakuwar a ɓoye ta ba ta.

An yi shela. Duk wanda ba ɗan nan ba ne ya shirya, za a ba da jirgi, ba a faɗi rana ba. 'Yan sanda biyu suna tsaye a bakin layinmu, sun ce don lafiyarmu ne, kuma na yarda da su, ɗayan ma ni na ɗinka masa kayan aure.

Mu huɗu muka ci jiya. Baba ya ɗebi malmala biyu ya rufe da faifai ya ajiye a damarsa, inda Nwosu yake zama, ya ajiye wasu biyun a wurin Idrisu. Da aka gama bai naɗe tabarma ba. Ya ɗaga ta a buɗe ya rataya a kan igiyar rumfa kamar an shanya zane. Na ce, “Baba, jirgi fa za a bayar.” Ya ce, “Allah ya kai su lafiya.” Na ce da mu za a. Ya nuna mini tabarma da haɓa ya shige ɗaki.

Ƙofar Nwosu a rufe take. Da sassafe yake fita, sai dare yake dawowa. Yau na hango shi daga nesa, na shige lungun masu gawayi na tsaya har ya wuce. Ban san me ya sa na yi haka ba. Na sani.

Yadin yana nan kan keke.

Alhamis, 6 ga Oktoba, da hantsi

Na samo dabara, kuma in ba yabon kai ba, ko alkali sai ya sara mini.

Baba ba zai bar tabarma ba, to ba sai tabarma ta yi tafiya ba? Daga nan zuwa tashar jirgin ƙasa ba wata tazara ba ce. In ana matsar da ita kaɗan-kaɗan, wata rana sai dai ya farka ya gan shi a bakin tarago. Sannu ba ta hana zuwa. Na faɗa wa Kallamu, karon farko ke nan da na ga haƙoransa tun ranar Asabar. Ya ce, “Kai dai Bakano, ko a Lahira sai ka sayar wa Walakiri sanda.”

Jiya da yamma muka toshe lambatun ƙofar Baba da tsumma, Allah ya yafe mana. Ruwa ya sauko, ƙofar gida ta zama tafki. Na zo da fuskar jimami na ce, “Baba, yau kam sai dai barandar masallaci.” Na shirya dogon musu. Sai ya dubi ruwan, ya dube ni, ya ce, “Masallaci ta can gabas ko?” Na ce e. Ya ce mu je.

Bai yarda kowa ya ɗaukar masa ba, kuma bai naɗe ta ba. A buɗe ya ɗora ta a ka, tana lilo gaba da baya, ga shi gajere, sai ka ce tabarma ce ta yi ƙafafu take tafiya. Yaran layi suka biyo shi suna tafi, har da na Inyamurai, ɗan sandan nan ya juya baya kafaɗunsa suna rawa. Kwana nawa rabon da a yi dariya a layin nan!

Asabar, 8 ga Oktoba, da la'asar

Idrisu ya dawo! Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi.

Muna zaune jiya a barandar masallaci, Baba ya ɗaga hannu zai yi bismilla, sai ga mutum da naɗin bandeji a ka ya fi rawanin liman girma. Wata tsohuwa mai sayar da garin rogo ce ta ɓoye shi a bayan buhuna, ta yi ta ɗura masa teba har kwana biyar. Ba mu tambaye shi abin da ya sami kan ba, shi ma bai faɗa ba. Matarsa ta fito da gudu ba mayafi, ta zo gabansa kuma kunya ta kama ta, sai ta ce, “Ina kayan da ka je ɗaukowa?” Ya cinye rabonsa, ya cinye nawa, ya miƙa hannu wajen faifan da ke damar Baba. Baba ya buge hannun.

Liman ya bi motar wasu masu shanu yau da asuba, ya bar mana mabuɗi. Na ɓoye mabuɗin na ce wa Baba an kulle har baranda, sai dai mu matsa rumfar masu goro. Ya ce, “A can ana jin kukan jirgi?” Na ce kaɗan-kaɗan. Ya ce ba laifi.

Kallamu ya ce tsufa ne ya fara taɓa shi. Ni dai na ce dabara ce ta yi kyau.

Na yanka yadin. Hannuna ne ya yi, ban sa shi ba.

Litinin, 10 ga Oktoba, da safe

Masu ɗaukar fansa sun zo layin bayanmu jiya. Namu bai samu komai ba sai tagar shago. Keke lafiya.

Talata, 11 ga Oktoba, bayan azahar

An kwashe mata da yara zuwa babbar rumfar kaya ta tasha, inda sojoji suke gadi. Na raka Sa'a. Kafin in juya ta kafa murhu da duwatsun reluwe, ta sami maƙwabta, har ta fara faɗa da wata Bazazzagiya a kan muciya. Wurin ya koma kamar gidan biki, ana kitso, ana daka, wata tana sayar da ƙosai. Mutanenmu ko a bakin kura aka ajiye su sai sun kafa kasuwa.

Wannan karon ban ma yi ƙarya ba. Na ce, “Baba, tuwo a tasha ake tuƙa shi yanzu, kafin ya iso rumfar goro ya sandare.” Na ce akwai wani fili a bayan rumfar kaya, ta wajen yamma, ba mutane. Ya ce a'a, shi ya san wurin tun ban zo duniya ba, akwai bishiyar mangwaro ta gabas, daf da inda fasinja suke fitowa, can za a shimfiɗa. Na ce can akwai jama'a, kuma ba lalle su so ganinmu ba. Ya ce, “Tabarmarka ce?”

To, ya ma fi kusa da tarago. Ban ja ba.

Da na koma shago na ƙarasa kaftanin, na yi masa aiki a wuya da farin zare. Ban taɓa yin wuyan da ya kai shi kyau ba, kuma na ji haushin hakan.

Laraba, 12 ga Oktoba, da hantsi

Nwosu yana can. Kowa ya san yana can, ni ma na sani tun ranar farko, ban dai rubuta ba. A bakin ƙofar fitowar fasinja yake tsayawa tun safe, da hular kafintansa a hannu, duk jirgin da ya iso daga Arewa sai ya duba fuskar kowa ko zai ga Obinna. Ya rame.

Jiya Baba ya shimfiɗa tabarma a gindin mangwaron, tsakaninmu da shi bai fi jifa ba. Mutanen da ke jiran 'yan'uwansu suka zuba mana ido, wani ya tofar da yawu, wani ya faɗi wata magana da ta sa na ce da ma ba na jin Inyamuranci. Kallamu ya sunkuyar da kai. Ni ji na yi kamar ƙasa ta tsage. Baba ya rufe malmala biyu da faifai, ya ajiye a damarsa, ya yi bismilla. Bai kira shi ba. Shi ma bai waiwayo ba.

A hanyar komawa na ce, “Baba, ashe ka san inda muke nufa.” Ya ce, “Gwadabe, tsumman da kuka toshe mini lambatu da shi, ragowar wandon ɗan kamasho ne. Ni da ƙafata ba zan iya zuwa in tsaya gabansa ba, me zan ce masa? Amma tabarma ba ta buƙatar ta ce komai. Na rasa yadda zan kawo ta, sai Allah ya ba ni wawaye biyu.”

Kallamu ya ce shi dai dama bai yarda da dabarar ba tun farko.

Alhamis, 13 ga Oktoba, da la'asar

Gobe da safe ne jirgin. Sa'a ta kama mana wuri. Baba ya ce shi bai ga abin da ya canja ba.

Juma'a, 14 ga Oktoba, cikin tarago, rana ta ɗaga

Rubutun zai karkace, jirgi ne yake girgiza ni.

Jiya Sa'a ta juye duk abin da ya rage mata a tukunya, tuwon dawa da miyar kuka, da ragowar man shanun. Muka zauna. Baba ya rufe malmala biyu. Ya ɗaga hannu, muka jira bismilla, ba ta zo ba. Tuwo yana tururi, Idrisu yana haɗiyar yawu. Sai Baba ya juya wajen ƙofar fasinja, ya ɗaga murya yadda ban taɓa jin ya ɗaga ba, ya ce, “Kai mai guduma! Tuwo na hucewa!”

Na ce a raina shi ke nan, tsohon nan ya jawo mana. Nwosu ya daɗe bai motsa ba. Sannan ya sa hularsa, ya ratso ta cikin mutanensa, wani ya riƙe masa hannun riga ya fizge. Ya zo ya tsaya a kanmu. Ya tuɓe takalmi. Ya zauna a damar Baba, Idrisu ya zuba masa ruwa ya wanke hannu.

Ba wanda ya yi masa jaje, ba wanda ya ce Allah ya bayyana. Baba ya yi bismilla muka ci. Can Nwosu ya ce, “Miyar nan gishiri ya yi kaɗan.” Sa'a daga bayan bishiya ta ce, “Oga Nwosu, shekara nawa kana ci ba ka taɓa kawo gishirin ba!” Ya yi dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu, ya rufe fuska da hula. Baba ya ci gaba da tura masa tuwo gabansa kamar bai gani ba. Ni ma na yi kuka, ba zan ɓoye ba, Kallamu kuma ya ce barkono ne.

Da aka gama Baba ya ce, “To, kowa ya ci.” Ya durƙusa ya kama bakin tabarma zai naɗe. Zuciyata ta yi fari, na ce gobe da Baba za a tafi. Sai Nwosu ya ɗora tafin hannunsa a kanta ya danne.

Ya ce, “Obinna bai ci ba.”

Baba ya saki. Ya koma ya zauna, ya ce, “Gaskiyarka. To ni ma ina nan.” Na dubi Kallamu, Kallamu ya dube ni.

Nwosu ya ce, “A'a, Baba. Kai ka tafi. In kana nan ido biyu gare ni, ɗaya a kan ƙofar can, ɗaya a kanka, kuma na gaji. Bar mini ita, ni zan riƙe. Ba zan naɗe ba.” Baba ya ce ai Nwosu bai iya bismilla ba. Ya ce, “Shekara talatin ina ji, ko akuyata ta iya.” Baba ya ce to ya yi a ji. Ya yi, tiryan-tiryan, har da jan da Baba yake yi a ƙarshe da ɗan tarinsa. Idrisu ya faɗi ƙasa don dariya.

Na ba shi kaftanin a naɗe cikin takarda. Ya buɗe, ya duba wuyan, ya ce in ya yi masa yawa fa? Na ce ya kawo a rage.

Da safen nan shi ya riƙo hannun Baba har bakin tarago, ya tura shi ciki yana cewa ya yi nauyi kamar buhun doya. Da jirgi ya motsa na leƙa. Ya koma bakin ƙofarsa ya tsaya, tabarmar a buɗe a kafaɗarsa.

Asabar, 15 ga Oktoba, bayan magariba, mun haye Binuwai

Ɗazu da aka sallame salla sai Baba ya warware rawaninsa, ya shimfiɗa a tsakiyar tarago, ya ce, “Ku kuna jiran a aiko muku da goron gayyata ne? Kowa ya fito da abin da ke gare shi.” Aka fito da ƙuli-ƙuli, da garin rogo, da rabin burodi, Kallamu ya zaro banda daga aljihun da ya rantse ba komai a ciki. Wani baƙo ya zo zai zauna a damar Baba. Baba ya ce masa ya matso hagu, nan da mai shi.